TAFIYAR YINI DA MOTAR LANTARKI

Mun saba da mota mai shan fetur. To, yanzu ga wata irin mota ta shigo ƙasarmu wadda ba ta shan mai ko ɗigo. Wani babban batir gare ta a ƙarƙashin kujeru. Ana yi masa caji da wutar lantarki kamar yadda muke yi wa wayar hannu. Ba ta hayaƙi, ba ta da ƙara. Akwai kuma babur da A-daidaita-sahu masu aiki da batir.

A shekarar 2020 aka nuna wa jama'a wata motar lantarki mai suna Hyundai Kona wadda aka harhaɗa a Ikko. A watan Afrilu na 2021 Gwamnatin Tarayya ta buɗe wurin cajin motoci mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, mai ya yi tsada, sai hankalin mutane ya ƙara komawa kan abin hawa mai batir. Saboda haka ya kamata mu san halinsa tun kafin mu ɗora masa kayanmu.

Ga inda bambancin yake. In mai ya ƙare wa mota a hanya, sai a aiki yaron mota da galan ya sayo. In batir ya ƙare fa? Ba a ɗauko lantarki a galan. Sai dai a nemi wata mota ta ɗauke ta. Kafin nan tumatir ya ruɓe, kasuwa ta watse, mara lafiya kuma bai isa asibiti ba.

Lissafi kafin tashi

Daga Bici zuwa birnin Kano kimanin kilomita 40 ne. Wanda ya lissafa zuwa kaɗai ya yi rabin lissafi. Zuwa 40, komowa 40, ya zama 80. A ce mun tsaya Dawanau mun sauke hatsi, mun shiga Kantin Kwari, mun je dubiya asibiti, yawon cikin gari ya ci 20. Jimla 100 ke nan.

A gaban direba akwai allo mai nuna sauran wutar da ke cikin batir, da kilomitar da za ta iya ci. In allon ya nuna 150, muna da rarar 50, sai mu ce bismilla. In ya nuna 105, kada mu tashi sai mun san inda za mu yi caji a Kano. Abin da allon ya nuna kintace ne, yakan ragu in hanya ta yi wuya. Mai hankali ba ya share rumbunsa ƙarƙaf, yakan bar iri. Haka mu ma mu bar kashi 20 cikin 100 na batir, kada mu sa shi cikin lissafi. Batirin babur da na A-daidaita-sahu ƙanana ne, su suka fi bukatar wannan lissafi.

Abubuwan da ke cinye batir

Na farko gudu. Mota tana tsaga iska ne, in gudu ya ƙaru sai ƙarfin da take bukata ya ƙaru ƙwarai. Masu iya magana sun ce tafiya sannu sannu kwana nesa. A nan maganar tasu ta zauna daidai.

Na biyu kaya. Jakin da aka yi wa lodi fiye da kima ba ya nisa. Na uku na'urar sanyaya mota, domin daga batir take sha. Na huɗu taya maras iska sosai, da hanyar rairayi ko taɓo ta damina. Na biyar tsufa, gama batirin da ya daɗe yana aiki ba ya riƙe wuta kamar sabo.

Akwai kuma abin da ke taimakonmu. A yawancin motocin nan, in direba ya ɗaga ƙafa daga totur tun da nisa, motar tana rage gudu tana mayar da 'yar wuta cikin batir. Mai taka burki da ƙarfi shi ke asarar wannan riba.

Yadda ake caji

Caji iri biyu ne. Na gida a hankali yake, yakan ɗauki dare guda, babbar mota ma ta fi haka. Na tashar caji mai sauri yakan cika yawancin batir cikin sa'a guda ko ƙasa da haka. In batir ya kai kashi 80 cikin 100 sai cajin ya rage sauri, kamar yadda muke sassauta hannu in tulu ya kusa cika.

Mun san halin wuta a wurarenmu, takan ɗauke ba sallama. Don haka a fara caji tun jajibirin tafiya. Wuraren caji kuma ba su da yawa kamar gidajen mai. A buga waya a tambaya, wurin yana aiki yau? Bakin wayarsa ya dace da motarmu? In mun isa Kano, a fara sa mota a caji, sa'an nan a tafi cin kasuwa. Sai mu gama sha'aninmu, ita ma ta ƙoshi.

A ajiye ta a inuwa, domin zafin rana yana rage kwanan batir. Kada a yi caji da siririyar waya ko wadda aka yi wa ɗori, gobara take jawowa. Mai gyaran wuta wanda ya san aikinsa shi zai haɗa mana wurin caji a gida. A hana yara wasa kusa da wurin.

Jama'a, duk wannan dabara lissafi ne, irin wanda muke koyo a ajinmu. Wanda ya iya karanta lamba a allon mota, ya iya tarawa da ɗebewa, zai je Kano ya komo ya yi sallar magariba a gida.

Tambayoyi

1. Kilomita nawa ne zuwa Kano da komowa daga Bici?
2. Allo ya nuna 130, tafiyarmu 100 ce. Nawa ya rage?
3. Faɗi abu 3 da ke cinye batir.
4. Don me ba a yin caji da siririyar waya?