Ina Ya Kamata A Ɗaura Tuwita A Mota?

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Funtuwa zuwa Ƙanƙara ta Sheme, ko ya bi ta Ɗandume ya nufi Sabuwa, ya san direbobinmu ba su wasa da kiɗa. A wata tafiya da na yi zuwa Faskari na zauna gidan gaba a wata Golf, sai na lura direban ya manna wata 'yar lasifika, wadda ba ta kai bakin kofin shayi faɗi ba, a jikin ginshiƙin ƙofa, taƙi ɗaya tsakaninta da kunnensa na hagu. Ita ce masu gyaran rediyo ke kira tuwita. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Malam, da can a kan dashbod take. Na daina jin ta sosai, shi ne na matso da ita." Wannan amsa ta tsaya mini a rai, domin a ganina laifin ba na tuwitar ba ne.

Bari mu fara da sautin kansa. Sauti kaɗawar iska ne, kuma kunnen matashi mai lafiya yana jin kaɗawa daga 20 zuwa kimanin 20,000 a daƙiƙa guda. Mai kaɗawa kaɗan shi ne sauti mai kauri, irin na tambari. Mai kaɗawa da yawa kuwa shi ne siririn sauti, irin ƙarar kuge ko kukan gyare. Babbar lasifika ba ta iya rawa da saurin da siririn sauti ke bukata, shi ya sa aka ƙera tuwita, aka bar mata abin da ya haura kaɗawa 2,000 ko 3,000.

Sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa cikin iska mai matsakaicin zafi. Idan ɗalibi ya raba wannan adadi da yawan kaɗawa, zai sami tsawon zangon igiyar sautin. Mai kaɗawa 100 zangonsa ya haura mita 3, saboda haka yana kewaye kujera da ƙafa da buhun masara kamar babu su. Mai kaɗawa 10,000 kuwa zangonsa bai kai santimita 4 ba. Miƙewa yake yi kamar hasken tocila, gwiwar fasinja ma ta isa ta tare shi, babbar riga kuma ta shanye shi. Wannan ne ya sa ana iya jefa babbar lasifika a but a ji ta lafiya lau, amma tuwita sai ta ga kunne.

Shi kuwa kunne, biyu aka ba mu, kuma da su ƙwaƙwalwa ke gane inda sauti ya fito. A 1907 masanin nan na Ingila, Lord Rayleigh, ya bayyana cewa hanyoyi biyu ne. Ga sauti mai kauri, ƙwaƙwalwa tana auna kunnen da ya riga ji, ko da yake tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Ga siririn sauti kuwa, ƙoƙon kai ne ke yi wa kunnen nesa inuwa, sai ƙwaƙwalwa ta kwatanta ƙarfin da kowane kunne ya samu. Wato inda tuwita take, nan ƙwaƙwalwa za ta fi zaton mawaƙin yana tsaye. Idan aka sa ta a baya, sai Shata da makaɗan kalangunsa su koma bayan ƙeya.

To, a nan matsalar mota take. Tun 1972, lokacin da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba a hagu yake zama. Tuwitar hagu na iya kasancewa kimanin rabin mita daga kansa, ta dama kuwa fiye da mita ɗaya. Ta kusa ta riga isowa, ta kuma fi ƙarfi, sai kiɗan duka ya karkata ya taru a tagar direba. Masu sa ta a ƙasan ƙofa sun rage wannan bambanci, amma sun miƙa sautin ga ƙafafu. Masu kwantar da ita a kusurwar dashbod tana kallon sama sun dogara ga gilashin gaba ya maido sautin, wanda yakan gauraya da na asali ya ɓata shi, ga kuma ranar bazara tana gasa ta. Ni dai na fi gamsuwa da 'yar kusurwar nan ta cikin madubin gefe, ko gindin ginshiƙin gilashin gaba, ɗaya hagu ɗaya dama, tsayinsu ɗaya, kowace tana fuskantar tsakiyar mota maimakon ramin kunnen direba. Sai dai a kula, wasu motoci suna da jakar iska ta kariya da ke bi ta wannan ginshiƙi, kada a huda shi da ka. Kuma kada mai gyara ya manta da kafasita, wadda ke hana sauti mai kauri shiga tuwita ya ƙone ta.

Mu koma ga direbanmu na hanyar Faskari. A can cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000. Georg von Békésy, wanda ya sami lambar Nobel a 1961, shi ya nuna cewa kowane sashe na katantanwar da irin sautin da yake amsawa: siriri a bakin shiga, mai kauri a can ƙurya. Ƙara mai yawa tana fara yin ɓarna ne a wajen kaɗawa 4,000, cikin yankin tuwita sosai. A 1988 aka tabbatar cewa tsuntsaye suna sake tsiro da waɗannan ƙwayoyi idan sun lalace. Ɗan Adam ba ya yi. Wanda abin ya fara taɓawa yana jin murya, amma baƙaƙe irin su "s" da "sh" da "ts" suna ɓace masa, sai ya ce mutane ne ke magana ciki-ciki. Ya ƙara murya, ya matso da tuwita, ɓarnar ta ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Direban da ke wuni a hanya, wanda abincinsa ya rataya ga jin hon da kukan inji da abin da ke tafe a bayansa, ba shi da rarar da zai yi wasa da ita.

Malamai na iya nuna wannan a aji ba tare da kashe ko kwabo ba. A zaunar da ɗalibi, a rufe masa ido, wani ya kaɗa makullai a wurare daban-daban, shi kuma ya nuna da yatsa. Sa'an nan ya toshe kunne ɗaya a sake, a ƙirga sau nawa ya kuskure. Daga ƙarshe a sa littafi tsakanin makullan da kunnensa, a kuma maimaita da bugun ganga, a tambayi ajin wanne ne littafin ya iya tarewa.