2,147,483,647: Lambar da ke jiran kwamfutocin duniya a 2038

A ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya, agogon wasu kwamfutoci zai koma ranar 13 ga Disambar 1901. Dalilin wannan rikici lamba ce guda: 2,147,483,647.

A ma'aunin masana lissafi, lambar mara ce, ba cika ba. Haka kuma tana cikin lambobi marasa rabuwa, wato babu abin da ke raba ta ba tare da saura ba sai 1 da ita kanta. Idan aka jera 2 sau 31 aka ninka su, sannan aka cire 1, ita ake samu. Lambobi marasa rabuwa masu wannan siffa ana danganta su ga Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa na ƙarni na 17. Jerinsu ya fara da 3, 7, 31, 127, kuma wannan ce ta takwas. Leonhard Euler ne ya tabbatar da rashin rabuwarta a 1772, da alƙalami da takarda.

Me ya haɗa ta da kwamfuta? Kwamfuta da 0 da 1 kaɗai take ƙirga. A tsarin da ke ware wa lamba gurabe 32, gurbi ɗaya na nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa da shi, saura 31. Idan duka suka cika da 1, an kai 2,147,483,647. Ƙarin ɗaya tak, sai ƙirgar ta kife ƙasa da sifili.

Na'urori da dama suna lissafa lokaci ta hanyar ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma a asubar waccan rana ta 2038 ma'aunin zai cika. An ga alamar matsalar a 2014, lokacin da yawan kallon bidiyon Gangnam Style ya zarce wannan adadi. YouTube ya bayyana cewa ya mayar da ma'auninsa gurabe 64. Ga wani misali: manhajar da ke adana kuɗi da kwabo a gurabe 32 ba za ta iya riƙe fiye da naira 21,474,836.47 ba.

Maganin sananne ne, kuma yawancin sababbin wayoyi da kwamfutoci sun riga sun koma gurabe 64. Haɗarin yana ga tsofaffin manhajoji da na'urorin da ake girkawa a manta da su shekara da shekaru. Don haka duk lokacin da hukuma ta sanar da kwangilar rumbun bayanan fansho, albashi ko rajistar masu zaɓe, akwai tambayar da ta cancanci amsa a rubuce: shin an gwada tsarin da kwanan watan da ya wuce Janairun 2038? Idan ba a gwada ba, kuɗin gyaran daga aljihun jama'a zai fito.