Bindigar Wasa da Idon Yaro

Idan salla ta ƙarato, kasuwannin Maraɗi da Damagaram sukan cika da bindigogin roba. Yaro yakan tara kuɗin barka da salla ya sayo guda. Shin ya kamata iyaye su bar shi?

Wasan yaƙi ba baƙon abu ba ne. Iyayenmu ma sun yi takobin kara suna yara. Yaro yana kwaikwayon abin da ya gani ne, kuma wannan kaɗai bai nuna zai tashi mugu ba.

Haɗarin yana ga bindigar da ke harba ƙwaya. Ƙwayar roba ce mai tauri, faɗinta milimita 6, ta ɗan fi ƙwayar dawa girma. Idan ta sami hannu, zafi ne kawai. Idan ta sami ido kuwa, jini yana iya taruwa a cikinsa, har yaro ya rasa gani. Ƙaramin yaro da bai kai shekara 3 ba yakan tsinci ƙwayar ya cusa a hanci. Irin wannan bindiga, gara kada ta shigo gida.

Idan an harbi yaro a ido, ku hana shi murzawa. Kada ku ɗiga nono ko ruwan ganye, kada ku sa kwalli. Ku kai shi asibiti a ranar, ko da ya ce zafin ya wuce, domin jinin yana iya sake zuba bayan kwana 2 zuwa 5.