Gadon Ɗan Biɗa

(Kiɗan buɗe shiri, ya lafa a hankali)

Jama'a masu sauraro, na cikin garin Tawa da na karkara, daga Kalfu zuwa Barmu, daga Afala da Takanamat zuwa Tamaske da Keita, har da ƴan'uwanmu da ke saurare ta waya a Abijan ko Sabha: Shirinmu na musamman a yau kan gado ne, da kuma mutumin da ake ɗora wa nauyin tattara shi da riƙe shi.

Duk wanda ya saba zuwa jana'iza ya san sanarwar da ake yi kafin jama'a su watse: wanda ke bin marigayi bashi, ko wanda marigayi ke bi, ya zo ya ga wane. Wannan wane da aka ambata, ƙane ne ko babban ɗa, tun daga ranar an rataya masa amana. Mafi yawa ba su san girmanta ba sai sun shiga.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Malamanmu na zaure sun karanta shi a Risala da Muhtasar, kuma tsarin a bayyane yake. A fara da kuɗin likkafani da binnewa. A biya bashi. A zartar da wasiyya, muddin ba ta wuce sulusin dukiya ba kuma ba magaji aka yi wa ba. Abin da ya rage shi ne na magada. A ce mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata biyu, ƴaƴa maza biyu da mata uku, kuma bayan an biya bashi jika 800 ta rage. Matan biyu su raba tumuni, wato jika 100, kowacce 50. Kowane ɗa namiji jika 200, kowace ɗiya jika 100. Malamin da ya san fannin zai gama wannan kafin shayi ya tafasa.

To me ya sa gado ke kai shekara goma a gidajenmu ba a raba ba?

Saboda a ƙasarmu ta Adar dukiyar mutum ba ta zaune wuri ɗaya. Ƙasa ce ta duwatsu da ƙarancin ruwa, kuma tun kakanni, in aka kai amfanin gona rumbu, maza sai su tafi biɗa: Najeriya, Kamaru, Kodebuwa, Libiya, Aljeriya. Idan irin wannan magidanci ya rasu, sai ka tarar gonar tudu tana ƙauye, garkar albasa tana fadama, tumaki da shanu suna hannun makiyayi can wajen Abalak, tebur ko shago yana Ajame a Abijan, akwai kuɗin da ya ba wani abokin tafiya ajiya, akwai kuma fili a Tawa da ya fara ginawa bai gama ba. Wani abin matarsa ta sani, wani ƙanensa ne kawai ya sani, wani kuwa daga shi sai Allah. Aikin farko na wakilin magada shi ne ya tattara wannan duka a rubuce, a gaban shaidu, tun zaman makoki bai tashi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ba a ƙirga ba a makon farko, da wuya a same shi cikakke bayan shekara.

Bashi ma haka. Da yawa daga masu tafiya da rance suke tafiya, wasu sun jinginar da gona don kuɗin mota. Gonar da ke jingina tana cikin gado, amma sai an fanshe ta. Ragowar sadakin da miji bai cika ba bashi ne a kansa, ana biyan matar kafin a zo maganar tumuninta. Akuyoyinta, kayan ɗakinta, hatsin gamanarta, waɗannan nata ne tun asali, ba sa shiga lissafi. Ina jaddada wannan domin mace mai takaba tana cikin ɗaki wata huɗu da kwana goma, ba ta zuwa inda maza ke magana, kuma a wannan tsakanin ne ake yanke abubuwa da yawa a bayanta. Sannan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in: idan akwai marayu ƙanana cikin magada, malamai ba su yarda a ɗebi rabonsu a dafa wa baƙi abinci ba. Baligin da ke son yi wa mahaifinsa sadaka, ya yi daga nasa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Mu leƙa ɓangaren hukuma. Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya da ya hau kan kowa. Tun dokar tsarin kotuna ta 1962, da wadda ta maye gurbinta a 2004, da ta 2018, ƙa'idar ba ta sauya ba: a maganar aure, saki, gado, kyauta da wasiyya, alƙali yana aiki ne da al'adar masu shari'a, tare da masu taimaka masa da suka san wannan al'ada. A yankinmu, abin da ake kira al'ada a gaban kotu galibi shari'ar Musulunci ce bisa mazhabar Malikiyya. Maigari da sarki suna da ikon sasantawa, kuma idan an daidaita a gabansu ana rubuta takardar sulhu. Idan sulhu ya gagara, magana ta wuce kotu.

Gona da dabba ana iya raba su a ƙofar maigari. Amma kuɗin da ke banki, ko haƙƙin ma'aikaci, ko fansho na asusun CNSS, ba wanda zai miƙa maka su don kawai kowa ya san kai ne babban ɗa. Sai da takardar mutuwa daga ofishin magajin gari. Sai dangi sun zauna taro, an rubuta sunayen magada, an zaɓi wakili da mai riƙon yara, an kai kotu ta tabbatar. A nan ne gidaje da yawa ke tuntuɓe. An binne mutum ba a sanar da hukuma cikin wa'adi ba, dole sai an nemi hukuncin kotu a madadin takardar. An ɗaura aure a masallaci shekara ashirin da suka wuce ba a rubuta ba, yaran ba su da takardar haihuwa. Kowace takarda da ta ɓace tafiya ce daga ƙauye zuwa Tawa ko Keita, da kuɗin mota, da ɗauko shaidu. Mai ƙaramin gado sai ya duba ya ga wahalar ta fi abin da zai samu, ya haƙura.

Idan kuwa dukiyar tana waje, wata dokar ce. A Kodebuwa, tun 1964 doka ba ta san auren mace fiye da ɗaya ba, auren da aka ɗaura gaban hukuma shi kaɗai take lissafawa, kuma ɗa da ɗiya daidai suke a gado. Gida ko fili da ke Abobo ko Tireshbil a Abijan, in rigima ta kai kotun can, ba lissafin malamin ƙauyenmu za a bi ba. Shi ya sa ƴan'uwanmu mazauna can suka fi son kashe magana tsakaninsu, gaban dattawan gari da limami, a sayar da kaya a aiko da kuɗi gida. Hanya ce mai kyau matuƙar masu riƙe da ita na da tsoron Allah, sai dai gwauruwar da ke Barmu ba ta da yadda za ta san nawa aka sayar. Abin da zai kare ta shi ne a rubuta kayan da farashinsu, shaidu biyu su sa hannu, a turo hoton takardar ta waya. Wayar da ke kawo labarin rasuwa cikin minti ɗaya za ta iya kawo wannan ma.

Yanzu ga matsalar da ta fi taɓa zuciya, kuma Adar ta san ta sosai, musamman tun yaƙin Libiya na 2011: mutumin da ya tafi, waya ta daina shiga, ba gawa, ba labari. Malamai na kiransa mafƙudi. A Malikiyya, matarsa za ta kai ƙara gaban alƙali, a yi bincike, idan ba a ji ɗuriyarsa ba a ɗiba mata shekara huɗu, sannan ta yi iddar mutuwa. Idan babu abin ciyar da ita, tana da damar neman a raba auren tun kafin nan. Amma dukiyarsa ba a raba ta da cikar shekara huɗun. Ana riƙe ta har sai mutuwarsa ta tabbata, ko kuma ya kai shekarun da sa'o'insa ba su cika wucewa ba, wanda mashahurin zance ya ajiye a shekara 70 daga haihuwarsa. Ku duba nauyin da ke nan. Mutumin da ya ɓace yana ɗan shekara 35, ana iya riƙon gonarsa wasu shekaru 35. A ciyar da iyalinsa daga cikinta, a ajiye masa rabonsa in mahaifinsa ya rasu a tsakani, kuma ba mai sayar da ita don ya gaji da jira. Wanda ke riƙe da irin wannan dukiya ya kamata a ce alƙali ko sarki ya san da shi, kuma duk kaka ya faɗa wa dangi abin da gonar ta bayar da inda ya tafi.

Akwai jinkirin da shari'a da kanta ta ajiye, kamar wannan, ko kamar jiran mai ciki ta haihu. Wanda ke damuna shi ne jinkirin da muke kira kunya. A ce kada a raba gandu don kada gida ya watse, babban wa ya ci gaba da noma, ƴan'uwa mata a riƙa aika musu da damin hatsi in an ga dama. Hujjar da ake kawowa ita ce mace tana gidan wani, in an ba ta gona ta fita daga dangi. Na fahimci tsoron, domin gonakin sun ƙanƙance, kuma ƙasar da aka farfaɗo da ita, irin ta aikin Keita da aka fara a 1984, ta ƙara daraja. Amma rabon ɗiya Alƙur'ani ne ya yanka shi a Suratun Nisa'i, kuma a nan Adar, inda maza ke shafe watanni ko shekaru a waje, mata ne ke tsaye kan gonakin. Idan tana son ta bar wa ɗan'uwanta, sai an nuna mata iyakar nata tukuna, ta bayar da bakinta, ba ta yi shiru don nauyin ido ba. In an ƙi rabawa har magada suka fara mutuwa, gado ya hau kan gado, magada bakwai sun zama arba'in, dattawan da suka san iyaka sun tafi, sai jikoki su gaji shari'a.

Maraya kuma, rabonsa amana ce a hannun mai riƙonsa. Ana ciyar da shi daga ciki gwargwadon buƙata, ana juya sauran in da hali, ana miƙa masa a gaban shaidu idan ya balaga kuma hankalinsa ya nuna. Tunkiyarsa da ke garken baffansa a yi mata alama, ƴaƴan da ta haifa nasa ne.

Ga gona kuwa akwai ƙofa kusa da gida. Tun kundin dokokin karkara na 1993 aka tanadi hukumomin filaye da muke kira Kofo, waɗanda yau ake da su har a matakin ƙauye. Bayan an raba, kowane magaji, mace ko namiji, yana iya neman takardar shaidar mallaka da sunansa. Aro, haya, jingina, kyauta da sayarwa duk suna da tasu takardar. Wanda zai tafi biɗa bana ya bar gonarsa hannun wani, ya biya ta wurin maigari da sakataren Kofo a rubuta ko aro ne ko jingina, da adadin kuɗin, kafin ya shiga mota.

A nan za mu dakata.

(Kiɗan rufe shiri)