Horar da Matasa Domin Aikin Tsaron Daji da Ƙasar Noma

Farin da aka yi a 1972 da 1973 ya halaka dabbobi masu yawa a arewacin Nijeriya, ya kuma nuna wa hukuma cewa ƙasar da aka sare itatuwanta ba ta iya jure rashin ruwa. A Kudu kuwa ɓarnar iri dabam ce, watau zaizayar ƙasa da malalar man fetur. Maganin waɗannan duka yana bukatar ma'aikata masu horo, kuma daga cikin matasa ake samunsu.

Gwamnatin Tarayya tana da makarantu musamman domin wannan. Akwai Kwalejin Gandun Daji ta Ibadan da ta Jos, akwai ta Afaka kusa da Kaduna, sa'an nan akwai ta New Bussa a Jihar Neja, inda ake koyar da kula da namun daji. Ana shiga ne ta hanyar jarrabawar JAMB, kuma lalle ne ɗalibi ya ci Turanci da lissafi da darussan kimiyya a sakandare. Karatun difloma shekara 2 ne. Wanda ya yi aikin gwaji na shekara guda yana iya komawa ya yi babbar difloma.

Aikin ba na zaman ofis ba ne, gara iyaye su san haka tun da wuri. Ɗalibi zai koyi tara iri da renon dashe a lambu, da awon daji, da yanka hanyar tare gobara kafin ciyawa ta bushe. Zai koyi jera itatuwa sahu-sahu a gicciye da hanyar iska, domin su kare gonaki daga rairayi. Har wa yau zai san wace itaciya ta dace da wace ƙasa. Darbejiya tana jure fari. Dakwara tana ba da ƙaro da ake sayarwa ƙasashen waje. Gawo kuwa da damina yake kaɗe ganye, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Tsofaffin manoma sun daɗe da sanin wannan, malamin daji mai hankali kuwa yakan tambaye su kafin ya kawo nasa.

Wanda ya gama yana iya neman aiki a ma'aikatun gandun daji na jihohi, ko a wuraren adana namun daji kamar Gashaka-Gumti da Kamuku, ko a hukumar dasa shingen itatuwa da aka kafa a 2015 domin jihohi 11 na bakin hamada, daga Kebbi har Borno. Guraben gwamnati ba za su ishi kowa ba, kuma tsaron daji yana da haɗari inda 'yan fashi suka yi sansani. Amma mai wannan ilmi yana iya buɗe lambun dashe na kansa, ya sayar wa manoma da hukumomi idan damina ta sauka.