Binciken Filin Jirgi da Mutuncin Matafiyi

Kusan kowane mataki na binciken da ake yi wa matafiya a filayen jiragen sama ya samo asali ne daga wani hari da aka kai ko aka yi yunƙurin kaiwa. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 Amurka ta kafa Hukumar Tsaron Sufuri, wadda aka fi sani da TSA, kuma a Disamban wannan shekara Richard Reid ya yi ƙoƙarin tayar da bam ɗin da ya ɓoye a takalminsa, lamarin da ya jawo daga baya aka riƙa sa matafiya cire takalma. Makircin da aka bankaɗo a Landan a 2006 shi ya kawo dokar taƙaita ruwa da turare zuwa mililita 100. Sai dai duk waɗannan sun tsaya ne a kan kayan matafiyi, ba su kai ga tsiraicinsa ba.

Abin ya sauya ne a ranar 25 ga Disamba 2009, lokacin da Umar Faruk Abdulmutallab, ɗan Najeriya, ya yi yunƙurin tayar da sinadarin da ya ɓoye a kamfansa cikin jirgin da ya tashi daga Amsterdam zuwa Detroit. Ƙofar gano ƙarfe ba ta iya jin irin wannan sinadari, saboda haka hukumomi suka hanzarta girka na'urorin da ke leƙa abin da ke ƙarƙashin tufafi. Iri biyu ne: ɗaya tana amfani da hasken eksire mai rauni, ɗayar kuma da gajerun igiyoyin rediyo waɗanda ke ratsa yadi su dawo daga fata. Dukkansu a farko suna fitar da surar jikin mutum tsirara, wani jami'i da ke zaune a wani ɗaki daban yana kallo.

A nan ne ƙorafi ya taso daga ɓangarori da dama. Majalisar malaman fiƙihu ta Arewacin Amurka ta bayyana a 2010 cewa wannan kallo ya saɓa wa hukuncin suturce al'aura, kuma a shekarar aka hana wasu mata biyu shiga jirgin Pakistan a Manchester saboda sun ƙi tsayawa gaban na'urar. Masu ciwo waɗanda ke ɗauke da jakar fitsari ko matan da aka yi wa tiyatar nono su ma sun shiga tsaka mai wuya, domin sirrin da ba su faɗa wa maƙwabta ba ya bayyana ga baƙon da ba su sani ba. Hukumomi sun sha alwashin cewa ba a adana hotunan, amma a 2010 aka gano cewa irin wannan na'ura a wata kotun tarayya da ke Orlando ta tara hotuna kusan 35,000, abin da ya rage yardar jama'a ƙwarai.

Abin lura shi ne yadda aka warware matsalar ba tare da an sassauta tsaro ba. A 2011 Tarayyar Turai ta hana amfani da na'urar eksire a filayenta, ta haramta adana hoto, ta kuma ba matafiyi damar zaɓar wata hanyar bincike. Majalisar Amurka ta wajabta sa manhajar da ke nuna zanen mutum-mutumi iri ɗaya ga kowa, wanda ke yin alama kawai a wurin da aka ga wani abu, kuma da kamfanin Rapiscan ya kasa cika sharaɗin sai aka kwashe na'urorinsa a 2013. Wannan ya nuna cewa kallon tsiraici bai taɓa zama dole ba, an jure shi ne kawai har zuwa ranar da doka ta ce a daina.

Inda har yanzu ake da sauran aiki shi ne laluben hannu da kuma tambayar wa ake warewa. Lulluɓi, rawani, babbar riga ko kitso mai kauri sukan sa na'ura ta yi alama, ta yadda masu irin wannan shiga suka fi kowa shan lalube. A farkon 2010 Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashe 14 da za a tsananta wa matafiyansu, kafin ta janye tsarin a watan Afrilu, kuma da wuya a kare adalcin hukunta miliyoyin mutane da laifin mutum ɗaya, musamman ganin cewa mahaifin Abdulmutallab ne ya fara kai rahotonsa ofishin jakadancin Amurka a Abuja. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Doha a Oktoba 2020, inda aka sauko da mata daga jirage aka duba al'aurarsu bayan an tsinci jaririya a banɗaki, har gwamnatin Ƙatar ta nemi afuwa.

Bincike halal ne matuƙar yana da dalili kuma bai wuce gwargwadon buƙata ba. Ya kamata matafiyi ya san cewa a Amurka da ƙasashen Turai yana da ikon neman jami'i jinsinsa ya lalube shi, a keɓantaccen ɗaki, kuma a yi masa bayani kafin a taɓa shi.