Yadda Ja Da Kore Ke Komawa Toka

Duk hoton da waya ko kyamara ta ɗauka tarin ƙananan ɗigo ne, kowane ɗigo na ɗauke da lamba uku: yawan ja, yawan kore da yawan shuɗi, daga 0 zuwa 255. Injin buga baƙi da fari kuwa tawada ɗaya gare shi, don haka dole a dunƙule lambobin nan su zama ɗaya.

Mai gaggawa sai ya tara su ya raba uku. Amma ido ba haka yake gani ba: kore ya fi yi masa haske, shuɗi ya fi duhu. Shi ya sa ƙa'idar talabijin ta BT.601, wadda aka fitar a 1982, ta ba kore kashi 58.7 cikin ɗari, ja 29.9, shuɗi 11.4. Da wannan lissafi, ja zalla na sauka a 76, kore 150, shuɗi 29.

Ga inda gizo ke saƙar. A ɗauki hoton amarya cikin atamfa mai jajayen furanni a kan kore mai duhu. A waya furannin tsalle suke yi, amma idan koren ya tsaya wajen 130, shi ma 76 zai bayar. Furannin sun nitse ke nan, atamfar ta koma zane mai launin toka guda.

Masu hoton da ma sun san maganin abin. A 1927 Ansel Adams ya ɗora jan gilashi a bakin kyamararsa ya ɗauki dutsen Half Dome a Amurka, sama ta fito kusan baƙa, dutsen ya tsaya fes. Yau manhajojin Photoshop da GIMP na ba mutum damar yin haka da kansa: ya ƙara kason ja, furannin su haskaka, koren ya ja da baya.

Saura takarda. Injin ba ya da toka, ɗigon baƙi yake jerawa, masu kauri a inuwa, sirara a haske. Takardar jarida na shan tawada, ɗigon ya bazu, hoton ya fi na allo duhu. Wanda abin ya fi cuta shi ne mai baƙar fata, domin goshi da kunci sai su haɗe. Mai aikin da ya san hannunsa yakan ɗaga hasken inuwa tukuna, ya buga gwaji ɗaya a kan irin takardar da za a yi aikin da ita, sannan ya saki sauran.